Ɗakin Da Aka Share Mini a Maraɗi

Sau ɗaya tak a rayuwata na yi tafiyar da ba ta biki ba, ba ta gaisuwar mutuwa ba, ba ta neman magani ba. Ɗana ya kira ta hutu. A bakinsa na fara jin ana tafiya don a huta, ni dai a sanina tafiya gajiya take kawowa.

Shekarun aikin dam na Bakolori ne. Ina zaune Talata Mafara, maigidana ya shekara uku da rasuwa. Mahauci ne, kuma yakan ƙetara Faranshi, wato ƙasar Nijar, ya sayo shanu. Gonar da ya bari wajen Bakura an ce kada a shuka, katafila na baje ta, wai za a jawo mata ruwa. Sai na kafa tukwane a bakin hanya inda motocin kamfani ke sauke leburori, ina tuwon sayarwa. Da ɗari ya kankama, Turawan suka tafi garinsu bikin Kirsimeti, aka sallami ma'aikata kwana goma. Na kife tukwanena. Na wanke abin da ke wankuwa, na dake abin da ke dakuwa, kwana biyu aiki ya ƙare, na zauna ina kallon kaji.

Ɗan nan nawa direban tifa ne a kamfanin, magidanci da 'ya'yansa. Ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, ba na kallon idonsa, ba ma doguwar hira. In zan kira shi sai in ce mai mota. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Inna, abokina ya ba ni aron akori-kura kwana biyar. Ki zaɓi wuri in kai ki, ki ga duniya, ki huta."

Na ce wa bango, "Wanda ya gaji shi ka hutawa."

Ya tashi ya tafi. Washegari da ya zo gaisuwa na ce, "Maraɗi na da nisa?"

Ya ce, "In mun yi sammako, la'asar tana yi muna can." Bai ƙara ba. Ya san wadda ke Maraɗi.

Ƙanwata ce, autar innarmu. Ni na goya ta, ni na koya mata surfe. An haife mu a wani ƙauye gefen Maradun, aka kawo ni aure Mafara, ita kuma wani ɗan kasuwa ya tafi da ita Maraɗi. Da innarmu ta kwanta ciwon ajali na aika mata sau biyu, ba ta zo ba. Ni kaɗai na yi jinya wata uku, ni na rufe mata ido. Sai bayan sadakar arba'in ga ta da ƙunshin kaya da jariri a baya, tana kuka tun daga zaure. Ta ce haihuwa ta tsare ta, jegon ya zo da wuya. Ban saurara ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin innarmu na ce, "Babu wurin kwana nan. A kai baƙuwa gidan maƙwabta." Can ta kwana biyu ta koma. Daga ranar muka shekara ashirin ba ta tako ba, ban taka ba. Maigidana in ya je sayen shanu yakan biya ya gaishe ta, ya dawo ya ce suna lafiya, in ce madalla.

A tsakar gidan ubanmu akwai tsamiya. Ka'idar gidan, in an kaɗe ta, a raba wa 'ya'ya mata duk inda suke aure. Tun daga waccan shekara na daina aika rabonta. To, da aka ce ruwan dam zai ci garin, aka tashi mutane, na je na sa aka yi wa tsamiyar kaɗar ƙarshe. Na raba biyu da hannuna. Nawa na sha kunu har ya ƙare. Nata na cure, na naɗe a tsumma, na sa a ƙasan tukunya, ban gaya wa kowa ko na wa ne ba. Shi nake so in kai. Ban ce ina son ganinta ba, ko a zuciyata ban faɗi haka ba. Na ce haƙƙinta ne, kada in mutu da shi.

Maganar masauki ita ta ci mana yini guda. Mai mota ya zauna a bakin ƙofa yana jera mini kamar mai tallan zannuwa. Ya ce akwai otal kusa da tasha, abokinsa ya taɓa kwana, gado da katifa da bargo, har ruwan zafi ake kawowa. Na ce ba zan kwana inda ba a tambayar mutum ɗiyar wa ce ba, inda wanda ya tashi daga gadon jiya ba a san ko da alwala ya kwanta ba. Ya ce to akwai gidan fatoman babansa. Fatoma shi ne maigidan da masu sayen shanu ke sauka wurinsa, ya ba su ɗaki da abinci, ya shige musu gaba a kara, wato kasuwar shanu. Maigidana ya shekara talatin bai sauya fatoma ba. Sannan ya sunkuyar da kai, yana zane a ƙasa da tsinke, ya ce, "Ko kuma gidan Inna ƙarama."

Na daɗe da gama lissafin wannan. In na sauka gidanta kai tsaye, ni na kai kaina, ni na nemi gafara ke nan tun ban buɗe baki ba. Ni ce babba. A gidanmu ƙarami ke tasowa ya gai da babba. Na ce a raina, bari in sauka kusa, inda ƙafarta za ta iya kaiwa, in aika mata na zo. Ta zo ta durƙusa ta ce Yaya sannu da hanya, ni kuma in miƙa mata tsamiyarta, in ta ce in koma gidanta in tashi in bi ta. Na yi mata tafiyar yini guda, ita ta yi mini ta unguwa guda. Ina ganin na yi adalci har da ƙari.

Na ce, "Gidan fatoma."

Ya kuma jera wuraren da zai kai ni. Ran Litinin babbar kasuwa. Wata rana Tibiri. Wata rana tafkin Madarunfa, inda ake ziyarar kaburburan bayin Allah. Duk na ce to.

Muka tashi bayan asuba, sanyi na yanka yatsu. Na lulluɓa da gwado biyu a gaban mota, ƙunshin tsamiya a cinyata. Muka bi ta Ƙaura, Zurmi, Jibiya. Yini guda ni da ɗan da na haifa a kujera ɗaya, maganarmu ba ta wuce a tsaya a yi salla ba. A bakin iyaka wani jandarma, ɗan sandan can, ya leƙo ya nuna ƙunshin ya ce mene ne. Na ce tsamiya. Ya yi dariya ya ce, "Iya, an gaya miki babu tsamiya Faranshi?" Na ƙara rungume ƙunshina.

Fatoman ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Da aka ce masa matar wane ce, ya riƙe hannun ɗana yana hawaye, ya ce shekara talatin ɗin nan ko igiya ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Aka shiga da ni wurin uwargidansa, wata gajeruwa mai jan haƙori na fure, muryarta kamar ana buga kwano. Ta ba ni ɗaki a kusurwa, yana warin igiya da kirgi, ga kaskon wuta. Da muka gama gaisuwa na ce mata ina son a aika unguwa kaza, gidan wane, a gaya wa matarsa yayarta ta sauka nan.

Ta tsaya da muciya a hannu. "Yayarta? Ciki ɗaya?"

"Ciki ɗaya."

"Kuma nan kinka sauka?"

"Nan maigidana ka sauka."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta ce, "To. Mutanen Ingilishi, ku dai ba a gama ganin naku." Ingilishi suke ce wa ƙasarmu can. Ta aika.

Kafin magariba sai ga sallama. Na gyara zama, na daure fuska. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, maƙwabciyar ƙanwata, ɗauke da kwano an rufe da faifai. Ta ajiye ta ce, "Ta ce a gaishe ki da gajiya."

"Ita fa?"

"Tana gida."

Na buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Loma ɗaya na kai na ajiye hannu. Innarmu takan ɗan gasa daddawa a kan garwashi kafin ta daka, miyar ta riƙa wani ƙamshi kamar na hayaƙi. Ban taɓa jin wannan a tukunyar kowa ba sai tawa. Na cinye tas, na wanke kwanon da kaina, na sa goro biyar a ciki don ba a mayar da kwano haka nan. Na ce wa kaina gobe za ta zo, yau ta bar ni in huta ne.

Da safe mai mota ya zo ya ce kasuwa ta ci, mu tafi. Na ce ƙafata na ciwo. Ƙarya ne, tsoro nake in fita ta zo ba ta same ni ba. Ya tafi shi kaɗai. Na shimfiɗa tabarma inda rana ke faɗowa, daidai inda nake hangen bakin zaure. Duk wanda ya shigo gidan nan ranar na gan shi. Mai ruwa ya shigo sau huɗu, sau biyu bai cika randa ba. Surukar uwargida tana cusa itace uku inda biyu za su isa. Akwai wata akuya da ta gane inda ake ɓoye dusa. Duk wannan na gani, ban ce komai ba, ba gidana ba ne. Kowace sallamar mace sai na ji ta a ƙirjina kafin kunnena. Da azahar tsohuwar ta kawo fura, da yamma ta kawo tuwo. Ta ce a gaishe ki. Ita fa? Tana gida.

Mai mota ya dawo da wani burodi dogo kamar taɓarya, ya jingina shi a bango. Ya tsuguna ya ce ya ga raƙuma sun fi a ƙirga, ya ga Buzaye da takubba. Sannan ya ce, "Na biya na gai da Inna ƙarama. Ta ce..."

Na ce, "Na aike ka?"

Ya sunkuyar da kai. Da wani ɗan ne, ba na fari ba, da ya yi mini gardama, ya faɗi abin da ya gani ko ina so ko ba na so. Shi kuwa tun yana yaro bai saba mu yi magana ta wuce uku ba. Ya tashi ya fita. Na zauna da burodin nan, na gutsura, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori.

Rana ta uku ya tafi Tibiri, ni ina kan tabarmata. Sanyin garin ya fi namu shiga ƙashi. Matan gidan suna can gindin murhu suna hira da dariya, suna ambaton mutanen da ban sani ba. Sun kira ni sau biyu, na ce nan ma ya yi. A Mafara ko ba na magana da kowa, na san tarin kowa ta bayan katanga. Nan kuwa ko kiran salla muryar baƙo ce.

Da hantsi uwargida ta jawo kujera ta zauna gabana tana tsinke zogale. Ta ce, "Ke Bazamfara, ƙahwar taki ba ta warke ba? Ko sai an kawo mai ɗori daga unguwa kaza?"

Na ce, "Tana sauƙi."

"Bari in gaya miki, tunda ba ki tambaya. Duk unguwarsu an sani. Ana ta faɗi, yayar wance ta taho tun daga Ingilishi, ta wuce ƙohwarta, ta sauka gidan fatoma kamar mai neman bijimi. Jiya a gidan suna har wata ta tambaye ta, wai ku ba uwa ɗaya ba ne?"

"Ni ce babba. Ita ya kamata ta taso."

"Babba a Mahwara. Nan garinta ne. Baƙo inda ya sauka nan ne ya ce yana da mutane. In ta tako gidan nan ta gaishe ki, ta yarda ke nan a gaban kowa ke baƙuwata ce, ba tata ba. Wace mai kunya ka yin haka? Ni kaina da ƙanena ya yi mini wanga, ko kwano ba ya gani."

Na ce, "A garinmu ba haka aka yi ba."

Ta kwashe da dariya har tana buga cinya. "A garinku in ƙanwa ta zo ina aka kai ta?"

Na dube ta. Ba ta san komai ba, tsokana ce kawai irin tata, amma ta taka inda ke ciwo. Na tashi na shige ɗaki. Tana ɗaga murya a bayana, "Zumunta a ƙahwa take, ke kuma kin ce taki na ciwo!"

Haushin maganar nan ya sa da mai mota ya zo washegari, tun bai tambaya ba na ce a tafi Madarunfa. Na ce ai hutu na zo, bari a ga na huta.

Ba nisa. Muka isa da hantsi. Ruwa ne shimfiɗe, itatuwa a tsaye a cikinsa har gwiwa, fararen tsuntsaye a kansu kamar an shanya wanki. Masunta na gyaran koma a bakin gaɓa. Wani dattijo ya zagaya da mu wajen kaburburan, mutane na tsaye suna addu'a, wasu sun zo daga nesa. Na yi wa maigidana, na yi wa iyayena. Mai mota ya sayo soyayyen kifi a takarda, ya ajiye kusa da ni, ya koma can gefe ya ba ni baya don in ci.

Ina zaune ina kallon itatuwan nan cikin ruwa sai tsamiyarmu ta faɗo mini. Ita ma haka take tsaye yanzu, ruwa har wuya. A nan ga kaburbura a bakin ruwa ana zuwa ana gaishe su. Namu suna ƙarƙashin ruwa, ba mai sake tsayawa kansu. Na fara lissafa waɗanda suka san inda ɗakin innarmu yake, da inda turmi ke zama, da dutsen da muke hawa mu leƙa gidan maƙwabta. Kawunanmu sun mutu. Yayyenmu maza biyu sun mutu. 'Ya'yana sun san gidan, amma sanin baƙunta. Na lissafa na sake lissafawa, mutum biyu suka rage, ɗayar tana unguwa kaza tana gasa daddawa. Kifin ya huce a takarda ban ci rabi ba.

Da muka dawo na tarar da kwano na jirana. Na tambayi uwargida ko wani ya zo. Ta ce, "Mai daddawa." Na ci, na wanke. Na kwance tsumman nan, na sa curin tsamiya a kwanon, na rufe da faifai. Da tsohuwar ta zo ɗauka ta ɗaga ta ji nauyi, ta ce, "In ce mi?"

Na ce, "Ki ce ta gida ce. Ki ce ba wata bayanta."

Rana ta biyar ita ce ta komawa. Dole motar ta isa hannun mai ita, jibi kuma za a koma aiki. Mun ɗaure kaya, na yi sallama da fatoma, na ba uwargida sabulu da turmin atamfa da na zo da shi. Sai ga tsohuwar da kwano tun rana ba ta yi zafi ba. Kunun tsamiya ne, da ɗuminsa. Na kurɓa a tsaye. Tsamiyar gidanmu tana da wani ɗan zaƙi a ƙarshen tsaminta, ko cikin dubu zan gane ta. Tsohuwar ba ta kawo saƙon komai ba, ko a gaishe ki babu.

Na shiga mota da kwanon a hannu. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Kwanon mutane fa? Ko da shi za ki Ingilishi?"

Na ce wa gilashin gaba, "Mai mota, a biya a mai da kwano."

Na ga yadda ya juya sitiyari, kamar an sauke masa kaya.

Gida ne madaidaici, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Na yi sallama a zaure, murya ta amsa, na shiga. Tana tsaye a tsakar gida. Na bar yarinya mai jariri a baya, na tarar da innarmu, har yadda take karkata kai gefe ɗaya. Haƙoranta na gaba biyu babu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Yawwa. Mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina maigidan?"

"Ya tahi kasuwa. Ina ɗari?"

"Lokacinai ne. Ina yara?"

Muka yi ta jan gaisuwa, mu kai ƙarshe mu sake ɗaukowa, don kowa na tsoron abin da ke bayanta. Da ta ƙare ƙarewa, ta karɓi kwanon ta riƙe a ƙirji. Ta ce, "Garin fa?"

"Ruwa ya ci."

"Duka?"

"Duka. In rani ya yi an ce ana ganin kan tsamiyar."

"Kushewar Inna?"

Na girgiza kai. Ta sa bakin zane ta share ido. Sannan ta tashi ta ɗaga asabarin wani ɗaki ta ce, "Shigo ki gani, ko ba ki zauna ba."

An share shi har ana ganin sawun tsintsiya. An yi sabon daɓe a inda ya fashe. Sabuwar tabarma mai jan baki, bargo a naɗe, buta, dardumar salla. A tsakiya kasko cike da toka. Ta ce tun ranar da aka ce na sauka ta fitar da buhunan gero daga ciki. Kullum da yamma takan zuba garwashi don ɗakin ya yi ɗumi, ko da zan zo bayan isha'i. Da safe ta tarar ya mutu, ta bar tokar.

Na zauna a kan tabarmar. Ta tsuguna a bakin ƙofa. Ta ce, ba da faɗa ba, tana kallon kaskon, "Ni ban kai ki gidan maƙwabta ba, Yaya. Ke kinka kai kanki."

Na ce, "Haka ne."

Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. Shekara ashirin, haka ne. Ta gane, don ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "To ki kwana. Ko ɗaya."

Mai mota yana zaure yana jinmu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, ki zauna. In anka yi albashi sai in zo in ɗauke ki, ko in sa ki motar 'yan shanu."

Ga hanya an buɗe mini. Na san babu abin da ke jirana a Mafara sai tukwane, su kuwa ba sa gudu. Amma na riga na ce yau zan tafi, na faɗa a gaban fatoma da matarsa, ni kuma tun ina budurwa ba a san ni da magana biyu ba. Na hango uwargidan nan tana buga cinya tana cewa ƙafar ta warke. Na hango matan unguwa suna shigowa kallon yayar da aka lallaso. Abin da ya tashe ni daga tabarmar nan ke nan, ba wani abu mai nauyi ba. Na ce leburori za su dawo jibi, in ba su gan ni ba wata za ta kama wurin. Na ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, nan zan sauka. Kwana goma."

Ta ce, "Ɗakin na nan."

Ta rako ni har mota, abin da ban zata ba, da mayafi a karkace. Ta tura mini ƙunshin daddawa ta taga. Da muka ɗaga na ga tana tsaye gindin darbejiya riƙe da kwanon, ba ta ajiye shi ba tun da na ba ta. Muka wuce Jibiya. Wajen Zurmi mai mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin da nis so in gaya miki ke nan ran Litinin. Ɗakin." Na ce ya kula da hanya.

Baɗi ta zo, aikin ya ja baya, aka rage direbobi har da shi, mai akori-kura ya sayar da motarsa. Na ce wata shekara. Ana haka aka rufe iyaka, tafiyar ta koma ta masu bin daji, ba ta tsohuwa ba. Muna dai aika gaisuwa ta bakin 'yan shanu, ita daddawa, ni man gyaɗa. Ta bakinsu kuma na ji rasuwarta, bayan an yi bakwai.

Jikokina in sun ji an ce na taɓa zuwa Nijar sukan ce in ba su labari. Nakan gaya musu tafkin da fararen tsuntsaye, da burodi mai tsawon taɓarya, da raƙuman da ban gani da idona ba. In sun ce a ina na kwana, in ce gidan fatoman kakansu, ɗaki mai warin igiya, kwana huɗu. Ɗaya ɗakin ba su san da shi ba. Zaman da na yi a cikinsa bai fi a sha kunu a tashi ba. Na dai tuna da na dafa ƙasa zan miƙe, hannuna ya taɓa gefen kaskon, da sauran ɗumi.